Ki Ci Cincin Ɗin Kafin a Ɗebi Jininki

Samaru, Zariya
Asabar da rana

Hannatu 'yata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina roƙonsa ya kai ki lafiya, ya tsare motarku tun daga tasha har inda za a sauke ku, ya haɗa ki da mutanen kirki a sansanin bautar ƙasa, ya kuma dawo mini da ke a kan ƙafafunki.

Kin tafi kasuwar Sabon Gari neman farin takalmi, gidan ya yi shiru, ni kuma na kasa zama. Na share tsakar gidan da ba ta yi datti ba, na sauke labule na mayar, na buɗe jakarki na rufe. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun farko suna cikin murhu. Za ki ce muna gida ɗaya, me ya kawo wasiƙa? Kin san halina, kin kuma san naki. Duk ranar da na ɗauko maganar nan, kafin in kai tsakiya muryata ta hau, ke kuma ki ce, "Mama, don Allah," ki shige ɗaki. Shi ya sa na rubuta. Ki karanta jibi a cikin mota, inda babu ƙofar da za ki rufe.

Na ga kin daina cin burodi. Wata biyu ke nan kina tura naki gaban Babanki da safe, shi kuwa bawan Allah yana ci yana sa miki albarka, a zatonsa ladabi ne. Kin daina taliya, kin daina fanken da kike sayowa a bakin titi. Kuma na san dalili. Na ga yadda kike dafe ciki bayan cin abinci, na ga ƙurajen da ke fito miki a baki, na ga leɓenki ya yi fari, na ji kina gaya wa ƙawarki a waya cewa kafaɗunki kamar an yi miki duka. Kin kalle ni, kin ga abin da nake fama da shi, kin yanke wa kanki hukunci ba ki gaya wa kowa ba. Takardar gwajin jinin da likitata ta rubuta miki kuwa tana nan cikin littafin waƙoƙi, inda kika tura ta. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Za ki yi shekara guda a garin da ban sani ba, da ciwon da ba a tabbatar da sunansa ba, kuma kin kama hanyar da ni na bi na ɓata shekaru. Bari in gaya miki yadda na bi ta, ba irin yadda nake gyara labarin a gaban matan zumunta ba.

Ciwon ya same ni kina 'yar aji uku a firamare. Ba wuri ɗaya ba ne da zan nuna da yatsa. Yau wuya, gobe ƙugu, jibi gwiwar hannu, wata rana ko zanen da na ɗaura sai in ji yana cin fatata. In kwanta in tashi kamar ban kwanta ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mantuwa. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, sai sunan ɗalibar da na shekara ina koya wa ya ɓace mini ɓat. Kin san inda na nufa? Kemis. Akwai wani a Sabon Gari, kafin in rufe baki ya ce, "Madam, taifod ne." Na sha maganin taifod har na haddace launinsa. Bayan wata biyu a ce maleriya, bayan wasu biyun a koma taifod. Kakarki ta ce sanyi ne, ta aiko da saiwoyi daga ƙauye. Wata a coci ta ja ni gefe ta ce in bincika ko akwai wanda na ɓata wa rai.

Da na je asibiti ma, ni na cuci kaina. Likitan matashi ne, bai wuce sa'an ƙanena ba. Ya ce, "Mama, yaya jikin?" Na ce, "Da sauƙi." Hannatu, a ranar nan da ƙyar na iya hawa keke mai ƙafa uku, amma na ce da sauƙi, domin haka aka koya mana amsawa. Ya ce, "Ban da ciwon jikin, akwai wani abu?" Akwai mana. Cikina yana kumbura kamar mai juna biyu, wasu ranakun ina gudawa sau huɗu sau biyar, har na san bayin gidaje uku tsakanin makarantarmu da nan. Amma yaya zan dubi ɗan mutane in ce masa ina zawo? Na ce babu. Ya danna nan ya danna can, duk inda ya taɓa sai na zabura. Aka yi awon da za a yi, ba a ga abin kamawa ba, daga baya ya ce mini sunan ciwon faibiromayaljiya, wato jijiyoyi ne ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon zafi fiye da kima, tare da gajiya da barci marar daɗi. Ban ga laifinsa ba. Da abin da na ba shi ya yi aiki.

Don haka ki ji ni da kyau. "Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, ki ba maƙwabta, ki ba direba, ki ba mai gadi. Ba amsar likita ba ce. In kin zauna gabansa ki faɗi komai, har abin da kike jin kunyar faɗa, musamman ma shi. Sau nawa kike zagayawa, yaya yake fitowa, yaya al'adarki take, yaushe jiri ke ɗibar ki. In kin san bakinki zai yi nauyi, ki rubuta a takarda tun daga gida ki miƙa masa. Kunya ta ci mini shekara biyar, kuma babu wanda ya zo ya yaba mini da ita.

Na tashi na sha ruwa, hannun ya fara tsami. A ina na tsaya? To, sunan.

Na ji daɗin samun suna, ba zan ɓoye ba. Ko banza na sami abin gaya wa masu cewa raki ne. Sai dai tun daga ranar, duk abin da ya same ni sai in jingina masa. Gashi ya zube, in ce shi ne. Jini ya yi ƙasa, in ce shi ne. Na rame har siket yana juyawa a ƙuguna, in ce shi ne. Na daina tambaya gaba ɗaya. Kada ki yi haka. In an ba ciwonki suna, ki karɓa, amma ranar da wani sabon abu ya ɓullo ki koma ki ce wannan fa? Jikin mutum ɗaya yana iya ɗaukar ciwo biyu, nawa ya ɗauka.

A lokacin ne tuwon alkama ya zama abincin marasa lafiya a garin nan. Mai suga shi, mai hawan jini shi, mai neman rage ƙiba shi. Hajiya Indo maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Hannatu, ki rabu da tuwon masaran nan, shi ke sa miki nauyin jiki. Ki koma alkama, ko Alhaji shi yake ci." Don ƙauna ta faɗa, matar da ta yi mini wanki ranakun da ban iya murza zane. Na koma. Da safe burodi, da rana taliya, da yamma tuwon alkama. Ga shi ni ce mai cincin ɗin zumuntar mata, duk bikin da ya tashi fulawa har gira, ina murzawa ina ɗanɗanawa.

Sai kuma maganar ƙarin jini. Kowa a Samaru ya san maganinsa, a haɗa malt da madarar gwangwani a sha. Kullum Babanki ya taso daga aiki a Chikaji sai ya tsaya ya sayo, ya haɗa da kansa a babban kofi, ya tsaya a kaina har in shanye. "Rifkatu, saura kaɗan, daure," haka yake cewa. Ba mu san da sha'ir ake yin malt ba, kuma sha'ir ɗan'uwan alkama ne a wannan ciwon. Ranar da ya gane, bai ci abinci ba. Har yau in ya ga kwalbar a shago sai ya kau da kai.

Ba na ce ki raina shawarar mutane ba. A can ma za ki sami masu ƙaunarki, kowa da maganinsa a baki. Ki gode musu, ki yi musu murmushi, amma kafin ki mai da wani abu abincin kullum saboda an ce magani ne, ki tambayi wanda ya karanci jiki. Abin da ya yi wa Alhaji daɗi, ni hanjina yake ci.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai, kuma shi ne naki. Ki karanta shi sau biyu.

Wata rana aka tura ni wajen wata likita, wannan dai da kika sani, mai sa tabarau a goshi tana nemansa. Ba ta ce yaya jiki ba. Ta ja fatar idona ta duba, ta ce, "Malama, ciwon jijiya ba ya shanye jini haka. Me ke faruwa da cikinki?" Mace ce, sai bakina ya buɗe. Ta saurara har na gama, ta ce tana zargin wani ciwo mai suna siliyak. A cikin alkama da sha'ir akwai wani sinadari, gulutin, shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. A jikin wasu mutane, in ya shiga sai garkuwar jiki ta tashi faɗa, faɗan kuma ya ƙare a kan hanji, har ya kasa tsotsar amfanin abinci. Ta rubuta mini gwajin jini, ta ce, "Kada ki canza abincinki sai an ɗebi jinin."

Na ji ta sarai. Amma ni malama ce, mai wayo. Na ce a raina, in alkama ce ke cutar da ni, wane hankali ne in ci gaba da ci? Na daina a ranar. Jarrabawar ƙarshen zango ta zo, na ce bayan ta. Hutu ya zo, na ji ciki ya lafa, na ce ai ba gaggawa. Sai bayan wata uku na je aka ɗebi jinin. Sakamako ya fito, na tambayi mai miƙa takarda a taga, ya duba ya ce ba a ga komai ba. Ban koma wurin likitar ba ma. A hanyar gida na sayi burodi mai zafi, na ci rabi a cikin keke, ina murna an wanke alkama. Na koma kanta da ƙarfina, da takarda a hannu ina nuna wa duk wanda ya yi magana.

Shekara biyu na ƙara. Ana saura kwana huɗu Kirsimeti, ina tsaye kan kaskon cincin, sai na farka na gan ni a ƙasa, Hajiya Indo tana yayyafa mini ruwa tana salati. Kina ƙauye wurin kakarki, muka ce miki maleriya ce. Aka mai da ni wurin likitar nan. Ta karɓi tsohuwar takardar ta duba, ta dube ni, ta ce, "Lokacin da aka ɗebi wannan jinin, kina cin alkama?" Na ce a'a, kaina a ƙasa kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Ta ce, "Gwajin nan alamar faɗa yake nema a cikin jini. In kin janye alkama, faɗan ya lafa, me zai gani?" Aka sake gwaji, wannan karon ina cikin ci, ya nuna. Aka zura mini siririn bututu ta baki aka dubo hanjin, aka tabbatar.

Kin ga abin da kike yi yanzu? Wata biyu ba ki ci ba. In kika je gobe aka ɗebi jininki, mai yiwuwa a ce lafiyarki ƙalau, ki karɓi takardar da za ta ruɗe ki kamar yadda tawa ta ruɗe ni. Na je wurin likitar ranar Laraba, ban gaya miki ba. Ta ce dole ki koma cin abin alkama kowace rana na wasu makonni kafin a gwada, kuma in kin dawo ita za ta duba ko lokacin ya isa. Ta kuma ce in abin ya yi miki tsanani kada ki daure a ɓoye, ki kira.

Na tambaye ta tun wancan lokacin, "To wanne ne nawa, na jijiyar ko na hanjin?" Ta ce, "Da alama duka biyun." Ta ce ciwukan suna kama da juna ƙwarai, gajiya, ciwon gaɓoɓi, mantuwa, damuwar ciki, shi ya sa ɗaya ke iya ɓuya a bayan ɗaya. Akwai waɗanda aka ce musu faibiromayaljiya ce, ashe siliyak ce ke ƙasa. Akwai masu duka biyun. Akwai kuma masu ciwon jijiyar kaɗai, waɗanda ko sun bar alkama har abada ba abin da zai canza. Ta ce masana ba su gama daidaita baki a kan ko ɗaya ke jawo ɗaya ba. Abin da ta tabbatar mini shi ne siliyak tana bin jini, don haka ya kamata a gwada 'ya'yan mai ita. 'Ya'yana kuwa ke kaɗai ce.

Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. Da na bar alkama da gaske, cikin ya kwanta, jini ya dawo, sunayen ɗalibai suka dawo. Ciwon jikin ya ragu sosai, amma bai tafi ba. Yana nan, yanzu haka yana kafaɗata ta dama yana jiran in ajiye biro. Har yau ina shan maganinsa, ina kuma tafiyar safen da ta ce in riƙa yi.

Na san abin da za ki ce, don ni na haife ki. Za ki ce, "Mama, in na daina kuma na ji sauƙi, me zan yi da takarda?" Hannatu, wanda bai tabbatar ba ba ya iya riƙewa. Za a yi biki a yanka kek, ki ce ai ɗan wannan ba komai, dama ba a tabbatar ba. Ciwon kuwa ko ba ki ji a jiki ba yana iya ci gaba da aikinsa a ciki, a jini, a ƙashi. In kuma ba shi ba ne, kin haramta wa kanki abinci a banza, ainihin abin da ke damunki yana zaune ba mai nemansa. Kuma barin alkama ba barin burodi kaɗai ba ne. Ni ma haka na zata.

Wata shida bayan na daina, cikin ya sake tashi. Na binciki kicin, na canza muciya, na zargi Babanki da sa cokalinsa a tukunyata, har muka yi kwana biyu ba ma magana sosai. Sai ranar da na kai niƙa da kaina wurin Malam Sale mai inji, na zauna kan benci ina jiran layi. Matar da ke gabana alkama ta kawo. Ya juye, ya niƙa, ya buga gefen injin sau biyu da tafin hannu, ya ɗauki masarata ya juye a kai. Na miƙe tsaye na ce, "Malam Sale, haka kake yi kullum?" Ya ce, "Malama, ai haka ake yi. Gari ba gari ba ne?" Da na yi masa bayani ya riƙe baki, ya ce in riƙa zuwa da sassafe zai kwance ya share mini. Ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa, amma fulawa ba ta fita daga inji tas. A ƙarshe Babanki ya sa aka haɗa mana ɗan ƙaramin injin nan a Chikaji, wanda kike ƙorafin ƙararsa.

Daga nan na koyi tambaya. Ɗanwaken kasuwa ana sa masa fulawa. Wasu masu waina suna ƙara fulawa don ta yi auki. Ƙosai wake ne zalla, amma in a man da aka soya fanke aka soya shi, bai tsira ba. Semo alkama ce da ta canza riga. Ko dunƙulen ɗanɗanon miya sai an karanta jikin takardarsa. In gwaji ya nuna kina da shi, duk wannan zai zama aikinki na kullum, za a ce kin cika iyayi, za ki ji. Kada ki ji tsoron yunwa dai. Masara, dawa, gero, shinkafa, acca, doya, rogo, wake, duk namu ne.

Akwai wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai Fasto. Kin san yadda muke a coci. Ranar Jibin Ubangiji, in farantin gurasa ya zo gabanki kika bar shi ya wuce, kafin a tashi sujada an fara raɗa cewa wance tana ƙarƙashin horo, ko me ta yi? Ni mataimakiyar shugabar zumunta, in bar gurasa ta wuce ni? Na ci gaba da ɗauka. Ɗan gutsure ne, bai kai kan yatsa ba, na ce Allah ba zai bari abin teburinsa ya cuce ni ba. Kowane wata in ci, kowane wata in yi kwana uku ina fama, in ce sanyi ne. Kusan shekara na yi a haka, ba don bangaskiya ba, don tsoron bakin mata. Da na gaji na je na sami Fasto, ina zufa kamar mai ikirarin zunubi. Ya saurara, ya ce, "Mama, me ya sa ba ki faɗa tun tuni ba?" Ya ce in riƙa zuwa da ɗan gutsuren wainar shinkafata a ƙulle, a yi addu'a a kai tare da sauran. Magana ta minti biyar. Ranar farko mata biyu sun leƙo hannuna, ta biyu ba wadda ta kula. A duk cocin da kika shiga a can, in ta kama, ki je ki faɗa da bakinki tun makon farko.

Na sake tashi. Na ji kamar ƙarar ƙofa, ashe akuyar Hajiya ce. Bari in gama kafin ki dawo, don saura abu ɗaya, kuma shi ya sa takardu biyu suka shiga murhu.

Kina aji huɗu a sakandare, kin zo hutu. Wata safiya na tashe ki, kika ce, "Mama, jikina duk ciwo yake, kamar ban yi barci ba." Na ce, "Lalaci ne. Ni da nake da ciwon gaske kin gan ni a kwance? Tashi ki ɗebo ruwa." Kika tashi, kika ɗauki bokiti. Na ga fuskarki lokacin da kika wuce ni. Tun daga ranar ba ki sake kawo mini kukan jikinki ba, ko sau ɗaya. Ni da na sha jin kalmar raki har na yi kuka a bayi, ni ce na juya na ba ki irinta. Gaskiyar ita ce tsoro na ji. Na ji maganata ce ke fitowa daga bakinki, ban so ta zama gaskiya ba, sai na tsawata miki don ta koma. Da kika fara ɓoye burodi maimakon ki zo ki ce mini "Mama, ina jin abin naki ne," na san daga ina kika koyi shirun. Na yi miki laifi, Hannatu. Ki gafarce ni.

To, ga abin da nake roƙo. Takardar gwajin na ciro ta daga littafin waƙoƙi, tana aljihun cikin jakarki. An ce a sansani shayi da burodi ake bayarwa da safe. Ki ci, kada ki ba ta kusa da ke. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da abin da kika ji, ba gyara. Ki gaya wa masu kula da lafiya a can tun ranar da kika isa. Ki kira ni kullum, kuma in na ce yaya jiki, kada ki kuskura ki ce mini da sauƙi. In an sallame ku hutu ki taho kai tsaye, mu je wurin likitar tare. In ta ce shi ne, ga injinmu, ga ni, na riga na san hanya. In ta ce ba shi ba ne, mu ci gaba da nema, ba zan sake ce miki lalaci ba.

A ƙasan jakar, ƙarƙashin zannuwanki, akwai roba mai koren murfi. Cincin ne. Jiya da na ce miki na tafi gaisuwa, gidan Hajiya Indo na shiga, don kada fulawa ta taɓa kicin ɗinmu. Na ɗaure hanci da baki da ɗankwali, ita tana murzawa ni ina yankawa. Shekara huɗu rabona da taɓa kwaɓi, amma hannun bai manta ba. Hajiya ta ce, "Maman Hannatu, kuka kike ko hayaƙi ne?" Na ce hayaƙi ne. Na yi shi yadda kike so, da ɗan gishiri-gishiri, ban iya ɗanɗanawa ba, in suga ya yi kaɗan ki yi haƙuri. Tun da na haife ki ban taɓa miƙa miki abin da nake tsoron zai sa ki ciwo ba sai wannan. Ki ci kaɗan kowace rana. Kada ki rabar.

Babanki yana gaishe ki, ya ce burodin da kika ciyar da shi wata biyu ya isa, ki karɓi abinki. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya kiyaye ki daga muguwar hanya da mugun abinci, ya ba ki barci mai daɗi, ya ba ki bakin faɗin inda ke miki ciwo. Ina nan ina jiran wayarki.

Mamanki,
Rifkatu